Katin Afiniki

Kwoi, 7 ga Nuwamba, 1977

Aikin farko yau: dafa allurai.

Sista Emilia, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aikin asibiti a Kafanchan?

Na yi kuskure. Afiniki matar Zamani, wadda kika fara yi wa allurar hutun haihuwa bayan ta kusa mutuwa a haihuwa ta bakwai, ni na yi mata ta biyu a ɗakin maganinmu. Na duba littafina sau uku, ban ga inda na gaya mata jinin wata yana iya ɗaukewa ba.

A gidansu mace mai jini ba ta taɓa tukunyar tuwo. Uwar mijinta ta lura wata huɗu Afiniki ba ta bar murhu ba. Zamani kuwa wata shida ke nan yana aikin reluwe a Gombe. Tsohuwa ta kai ƙara wurin dattawan ikilisiya, wai ciki gare ta, kuma na wani ne. Ran Lahadi za a zauna. In an sa ta horo, za a mayar da ita gidan ubanta ba tare da 'ya'yanta ba.

Katinta na asibiti yana akwatina. In nuna?

Taki cikin ladabi,
Bernice

Kafanchan, 9 ga Nuwamba

Bernice, ina amsawa.

Kada ki nuna sai da izininta. Amma juya katin ki ga sa hannun da ke baya. Zamani ne da kansa ya kawo ta, ya sa hannu, ya roƙe ni kada uwarsa ta ji. Na ba direban jirgin ƙasa takarda ya kai masa.

Ki daina duba littafi, ki je wurinta.

Allah ya ƙarfafa ki,
Emilia

Kwoi, 11 ga Nuwamba

Sista, barka da aiki.

Na same ta a gona tana haƙar citta. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Malama, ki share hanci, ke ba yarinya ba ce. Ni aka ce karuwa, ke kina kuka?"

Na ce to mu nuna katin. Ta dafa fartanya ta ce, "In Mama ta ga hannunsa, za ta ce ɗanta ya rufe ƙofar gidan ubansa. Bari shi ya faɗa da bakinsa. In bai iya ba, na san wanda na aura."

Ta hana ni. Sau biyu na tambaya.

An ce Zamani zai sauka Kafanchan a jirgin Asabar, ya ƙaraso nan a mota. Bai aiko da ko kalma ɗaya ba.

Ki sa mu a addu'a.
Bernice

Ayyukan gobe:
Dafa allurai.
Awon jarirai.
Tsayawa a tashar mota in ga fuskarsa.
Sa katin a jakar coci.
Sake tambayar Afiniki.