Yaya Nasiru, Na Gano Abin Da Ke Cin Sabis Ɗin Asibiti

Zuwa ga yayana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Ni ce Hauwa. Na san ba za ka karanta wasiƙar nan ba. Na sa ta a shafina ne saboda a nan ka saba ganin rubutuna ka yi mini gyara, kuma mutanenka suna yawan tambayata yaya aiki. Labarin aikin zan ba ka, don duk garin nan babu wanda zan ba wa ya gane kamar kai.

Aiki yana tafiya. Dogon ƙarfen da ka kafa a bayan gida yana nan tsaye, sola tana caji, batir ɗaya kawai na canza. Makarantar sakandare tana samun intanet, haka masu shago a bakin kasuwa, haka manoman rani na wajen Watari da ke son jin farashi daga Dawanau kafin su ɗora kaya a mota. Babu wanda ya bar mu. Wasu ina jin kunyarka ce ta hana su.

Tsohuwar kwamfutarka tana nan a ɗakin zaure inda ka bar ta. Kullum bayan sallar asuba nakan ɗauki shayina in zauna a kujerarka in buɗe ta.

Ka tuna ranar da ka fara koya mini ita, lokacin da na dawo gida da takardar difloma ba aiki? Ka ce duk bayan 'yan mintuna takan tambayi kowace eriya da muka kafa: kina raye? Ƙarfinki nawa? Mutum nawa ke kanki? Sai ta ajiye amsar tare da lokacin da aka ba ta. Daga waɗannan amsoshi take zana layi mai hawa da sauka, wanda kake kira giraf. Ka nuna mini yadda layin makaranta yake tashi da hantsi ya kwanta bayan azahar, da yadda na kasuwa yake yin tsiri ranar kasuwa, da yadda duk garin yake yin ƙasa in an kira sallar Juma'a. Ka ce, "Hauwa, kada ki jira a kira ki a waya a ce sabis ya lalace. Layi yakan riga mutum yin ƙorafi."

Ka kuma ce mini ma'ajiyarta ba ta ƙaruwa, kamar rumbu take, girmanta ɗaya. Abin da ya faru cikin 'yan kwanakin nan takan riƙe shi dalla-dalla. In ya kwana biyu sai ta haɗe mintuna su zama awa, daga baya ta haɗe awoyi su zama wuni guda, ta bar matsakaicinsu kawai. Na ce to ai an yi asara. Ka ce, "In ta riƙe komai, za ta cika ta daina karɓar na yau."

Layi ɗaya ne ya gagare ka, na ƙaramin asibitin ƙauyen da ke gabas da mu. Shekarar farko, da aka gama girbi, ƙarfinsa ya fara raguwa kaɗan-kaɗan. Ka canza waya, ka canza eriyar ma gaba ɗaya, ka hau ka gyara mata fuska. Bai hana ba. Abin ya ɗaure maka kai, don kowa ya san ruwan sama ne ke damun sabis, ga shi wannan da rani yake ciwo. Da damina ta sauka kuma sai ya warke da kansa. Na yi maka barka, kai kuwa ba ka yi murna ba. Ka ce, "Abin da ya gyara kansa zai ɓata kansa. Bari mu tara shekara biyu, zanen zai faɗa mana."

A wannan daminar ka tafi. Ka dawo daga Dawanau da zazzaɓi, ka ce gajiya ce. Kafin gero ya fitar da kai mun rasa ka.

Ban yi kuka ba, Yaya. Mata sun cika gida, Inna tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi, Anti Sadiya matarka an riƙe ta, ni kuma ina ta raba ruwa da tabarmi. Aka riƙa cewa yarinyar nan akwai tawakkali. Ni dai na san ba shi ba ne. Ji nake kamar an yi mini allurar kashe zafi a duk jiki, an manta ba a ce ga ranar da za ta sake ni ba. Ina ci, ina sallah, ina amsa gaisuwa. Washegarin sadakar uku na buɗe kwamfuta na duba layuka, don ban san wani abin da zan yi da safiyata ba.

Bayan arba'in na nemi ranar da ka rasu a cikin zanen. Ban san abin da nake nema ba. Wataƙila so nake in ga lokacin da mutane suka yi ta kiran juna, ko lokacin da gari ya yi tsit aka tafi maƙabarta. Na tarar kwamfutar ta riga ta haɗe ranar. Ɗigo ɗaya ne a kan layi, bai fi na jiyansa ba, bai kasa na gobensa ba. Na daɗe ina kallonsa. Daga nan na tashi na je na wanke kwanuka.

Akwai abin da ka tafi ba ka sani ba, ko kuma ka sani ba ka faɗa mana ba. Anti Sadiya tana da ƙaramin ciki. Takabarta ta zama sai ta haihu. A wannan ƙaramin asibitin take awo, wajen Malama Binta ungozoma, wadda kai ka kai mata intanet don ta riƙa tura wa likita a birni sakamakon awo, su yi magana ta bidiyo in abu ya fi ƙarfinta.

Da kaka ta yi, layin asibiti ya fara sauka. Kamar yadda ka faɗa.

Malama Binta ta kira ni ta ce hoto ba ya tafiya, murya tana yankewa. Ta kuma rage murya ta ce jinin Sadiya yana hawa, ƙafafunta sun kumbura, tana son likita ya riƙa ganinta duk mako. Hanyar birni ka san ta, ba a jijjiga mai irin wannan ciki a kanta ba gaira ba dalili. Na ce mata to. Na ajiye waya ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Na dai san aiki ne a gabana.

Na yi duk abin da ka yi bara, na sami abin da ka samu. Sai wata safiya na bar kallon zanen wuni da na mako, na buɗe mafi tsawo, wanda ya haɗa tun ranar da ka kunna ta har yau. A nan babu tsirin kasuwa, babu Juma'a, duk an goge ƙananan abubuwa. Kwari biyu kawai na gani. Na bara ya fara bayan girbi, ya yi zurfi da rani, ya cike da saukar ruwa. Na bana ya fara a daidai wannan lokaci, da irin wannan gangara, sai dai ya fi saurin zurfi. Na ce a raina, ƙarfe da waya ba su san kaka ba. Abin da ya san kaka, kuma bana ya fi bara, abu ne mai rai.

Na hau babur ɗin haya zuwa asibitin, na ari tsani na hau rufin. Mata masu jiran awo suna ta kallona. Na tsaya a bayan eriya na miƙa ido inda take kallo, wajen gidanmu. Da damina daga nan ana hango kan ƙarfenmu, kai ka taɓa nuna mini. Ranar ban gan shi ba. Gawon gonar Kawu Sale na gani, ya yi kore shar, ya cika sararin.

Gawo, Yaya. Itacen da muka taso muna tsintar 'ya'yansa muna kai wa awakin Inna. Kowane yaro a garin nan ya san shi kaɗai ne ke zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani. Lokacin da ka auna hanyar, tsirara yake, sabis yana ratsa rassansa. Na zauna a kan rufin ina jira in ji daɗi, ko in ji haushi. Ko ɗaya ban ji ba. Na sauko.

Kawu Sale bai karɓi maganar ba. Na same shi yana ɗaure dawa, na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa zanen a wayata. Ko kallo bai yi ba. Ya ce itacen nan kakanmu ya gada ya bar shi, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina a gonar, kuma shi bai ga abin da ke wucewa ta sama ba balle a ce ganye ya tare shi. Ban ga laifinsa ba. Na yi tunanin ƙara wa ƙarfe tsawo, amma mai walda ya ce gindin ba zai ɗauka ba, sai an sake sabo, kuma ba za a gama kafin watan haihuwar Sadiya ba.

Inna ce ta je. Tun rasuwarka ba ta taka ƙofar gida ba sai ranar. Ta yafa mayafi ta bi ta cikin karan dawa har gonar ƙaninta, ina biye da ita. Ba ta yi maganar sabis ba, don ba ta san shi ba. Cewa ta yi, "Sale, abin da ya bar mini yana cikin yarinyar nan. Ban ce ka sare ba. Ka rage masa kai." Washegari Kawu ya kira wani makiyayi da ya saba sarar wa shanunsa ganye, ya tsaya a kansa yana nuna masa reshen da zai taɓa da wanda zai bari.

Ni ina ɗakin zaure a gaban kwamfuta. Duk reshen da ya faɗi, bayan 'yan mintuna sai layin ya ɗaga kaɗan. Haka ya riƙa hawa kamar matakala har ya koma inda yake da damina. Na kira Kawu na ce ya isa haka. Ya ce to, ya kashe waya.

Makonni bayan haka, wata ranar awo da hantsi, Malama Binta ta auna Sadiya ta ga abin da bai yi mata ba. Ta kira likita ta bidiyo, hoto ya tafi tsaf, ya ga fuskarta da ƙafafunta, ya ga awon. Ya ce kada a jira naƙuda, a kawo ta yanzu, zai sa a shirya. Motar Kawu Sale ta ɗaukar kaya ce ta kai mu, shi da kansa ya tuƙa, a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Muka bi ta Ungogo muka shiga birni. Kafin la'asar an yi mata aiki. Namiji. Likita ya ce da an ƙara kwana, da labarin ya canza.

Da aka miƙo mini shi na karɓa, na ji nauyinsa da ɗuminsa. Kunnuwanka ne da shi. Ma'aikaciyar jinya ta tsaya tana jira in yi wani abu, sai na tambaye ta inda ake sayen ruwan zafi.

Sadiya ta warware, ta fita takaba, tana nan gidanmu tukuna. Kawu ya ce gawon zai sake toho, don haka duk kaka sai an rage shi, kuma shi zai riƙa tsayawa a kai, bai yarda da kowa ba. Na sa wa kwamfuta ta riƙa turo mini saƙo in layin asibiti ya fara sauka.

An sa wa yaron sunanka. Ka san Inna, kai ne ɗanta na fari, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanku". Don haka ranar suna ta ce ita Magaji za ta riƙa kiransa, kowa ya bi ta.

Shekaranjiya da yamma Sadiya ta shiga wanka ta bar shi a ɗakin Inna. Na haɗo wa Inna shayi, na zo bakin ƙofa zan ɗaga labule, sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ɗauka ba kowa a tsakar gida. Cewa take, "Nasiru. Nasiru. Nasiruna." A hankali, kamar mai koyon kalma.

Ban shiga ba. Na koma na zauna a kan turmi da kofin a hannuna har shayin ya huce. Kofin ya karkace, shayin yana zuba a zanena, ina kallo. Ban sani ba ko allurar ce ta fara sakina. In ita ce, ina jin tsoron abin da ke bayanta, kuma ba ka nan.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa duk wanda ya amfana da abin da ka kafa ladan ya iske ka. Allah Ya raya Magaji bisa tafarkin Musulunci, Ya ba Sadiya lafiya da dangana, Ya ƙara wa Inna haƙuri, Ya saka wa Kawu da alheri. Ni kuma Ya ba ni ikon ɗaukar abin da ke zuwa. In tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Ƙanwarka da ke zaune a kujerarka,
Hauwa'u