An Yi Mini Addu'ar Mamata Ina Zaune a Filin Ƙwallo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gasar Kofin Kaka, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran 'yan kwamiti, ina yi maka barka da aiki. Sunana Mutari Lawali, waɗanda suka ga wasana suna kira na Guduma. Ni ne mai horar da ekip ɗin ƙwallon matasan Dakusa, ko antirena yadda yaran ke faɗi. Na so a ce a zaure muka yi wannan magana mu biyu, amma duk zuwan da na yi ofishinka sai a ce kana Yamai. Kuma tunda a gaban jama'a aka binne ni, ina ganin a gaban jama'a ya kamata a tono ni.

Na farko, bari in gabatar da kaina, don alama ta nuna kwamitinka bai san ni ba. A unguwar Zango ta Damagaram aka haife ni. Lamba tara na buga duk tsawon wasana, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ban taɓa zama tauraro ba. Na fara a nan gida, na koma Maraɗi, sannan wasu fataken Kano da ke cin kasuwa a nan suka ɗauke ni zuwa garinsu. Daga can sai Kwatano, sai Arlit, inda gwiwata ta ce ta gaji. Babu ekip ɗin da na daɗe a cikinta har aka saba da ni. Ƙwallayen da na ci ma ba na burgewa ba ne, wata da ƙeya, wata da ƙwauri, akwai wadda ta buge ni a ciki ta shige raga ina durƙushe. Da na aje takalmi na horar da yara a Garagumsa, daga baya na zauna a Dakusa. Da damina in noma gero, da la'asar in busa usur a filin bayan lakwal, wato makarantar boko.

Na biyu, abin da ya faru ranar buɗe gasar bana. Na kawo yarana Damagaram don faretin buɗewa. Shekaru ina cika musu baki cewa garin nan ya san ni, har a bayan mota muna tafe na ce musu, "Yau za ku ga yadda Damagaram ke tarbar ɗanta." Bayan fareti muka zauna a tiribin, rumfar 'yan kallo. Mai magana a lasifika ya ce za a yi addu'a ga tsofaffin 'yan wasa da suka riga mu gidan gaskiya. Ya fara kiran sunaye, duk na san su, har idona ya kawo ruwa. Sai na ji ya ce, "Marigayi Mutari Lawali Guduma, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Arlit."

Ranka ya daɗe, kamata ya yi in miƙe in ce ga ni. Ban miƙe ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Da farko na zaci wani zai ɗaga murya ya ce ai ga shi can zaune. Na duba dama, na duba hagu, fili cike da mutanen garinmu, babu wanda ya gane fuskata. Sai mai lasifikar ya shiga yabo: wai jarumi ne, wai ya ɗaukaka sunan Damagaram a ƙasashen waje, wai masu tsaron gida ba sa barci in za su haɗu da shi. Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa yabona haka a garin nan ba. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma gaskiya ce: daɗi na ji, na so in ji ƙarshensa. Habibu, kapiten ɗina, ya raɗa mini, "Antirena, ba kai ne ake faɗi ba?" Na ce masa, "Rufa mini baki, ana addu'a." Aka ɗaga hannu na ɗaga, aka shafa na shafa. A hanyar komawa wurin mota babu yaron da ya iya kallona, ni ma ban iya kallon kowa ba.

Na uku, na bincika yadda aka yi. Sakatarenka da ya haɗa sunayen mamatan bai je gidan kowa ba. Fadar tsofaffin 'yan wasa ya je, wadda ke zama bakin ƙofar fili ana shan shayi. Ka san al'adar wurin: wanda ake gani a fada, ko wurin suna da jana'iza, shi ne mai rai. Wanda aka daina gani sai a tambayi wanda ya ji labarinsa. Wani ya ce wani direban Arlit ya gaya masa na rasu, aka ce Allah ya jiƙansa, aka zuba shayi na biyu. Gaskiya ne na daɗe da daina zuwa fadar, don na gaji da a riƙa kira na ɗan ci-rani, mai riga goma babu tasa. Amma yayata Mariama tana nan Zango, tafiyar ƙafa ce daga ofishinku. Sallama ɗaya a ƙofarta da ta wadatar.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Rediyo ya watsa bikin kai tsaye. Da yamma na biya gidan Yaya Mariama na tarar an shimfiɗa tabarmi, mata sun cika tsakar gida ana yi mata ta'aziyya, ita kuwa ga hawan jini. Da na yi sallama wata tsohuwa ta fita a guje ta bar takalminta. Yaya ta rungume ni ta yi kukanta, da ta ji yadda aka yi sai ta sake ni ta ce, "Kana wurin, Mutari, ka yi shiru?"

Abin bai tsaya nan ba. Sakataren ya soke katina na antirena, tunda matacce ba ya horar da kowa. A wasanmu na farko, a Garagumsa, alƙalin wasa ya tare ni zan zauna a benci. Mutumin kirki ne, ya san ni, ya ce, "Malam Mutari, idona yana ganinka, amma takarda ta ce babu kai." A bayan igiya na tsaya cikin masu sayar da rake ina ɗaga murya, yarana ba sa ji, aka lallasa mu. Yanzu in na juya baya a Dakusa sai in ji ana cewa Marigayi ya wuce. Dattawan da ke riƙe da ekip ɗin sun kira ni, cikin mutunci, sun ce in aka je wasanmu na gaba a Takieta ban hau benci ba, dole su nemi wani. Ban ga laifinsu ba. Amma ni ba ni da wani abin da na iya. Wannan bencin shi kaɗai ne wurin da na taɓa zama ba a ce mini in tattara kayana ba.

Don haka ina roƙo. A mayar mini da katina kafin wasan Takieta. A tura wani cikin 'yan kwamiti ya ba Yaya Mariama haƙuri, ita ba ta cancanci wannan ba. Daga yau kuma, kafin a kira sunan mutum cikin mamata, a taka a je gidansu.

Roƙona na ƙarshe shi ne a gyara maganar da lasifika, a gaban jama'a, kafin a take wasa a Takieta. Kada a yabe ni, na ji rabona na yabo kuma bai amfane ni ba. A ce kawai, "Mutari Lawali yana da rai, ga shi can a benci." Ko babu wanda ya tafa, zan miƙe tsaye yarana su gan ni.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya taya ka riƙon wannan aiki, ya sa kada a kira sunanka sai lokacinsa ya yi.

Wassalam, daga mai rai,
Mutari Lawali Guduma, Dakusa.