Hannun Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya Anti da yara? Mu sai godiya, jikin Baba ne dai yau da sauƙi gobe babu.

Hoton da ka dame ni a kansa, don yaranka su san fuskar kakansu, na ɗauka jiya. Amma sai da Baba ya kusa sa ni kuka. Ya hana a ɗaga labule, wai haske na sa masa ciwon kai. Ya hana in kunna fitilar kyamara, wai shi ba ɓarawo ba ne da za a haske shi. Na yi bayani har bakina ya bushe: kyamara ba ta da abinci sai haske, gilashin gabanta ke tattaro shi ya haɗe shi a kan ɗan farantin ciki. Ya ce shekara arba'in yana zura zare a allura a ɗakin nan, ban isa in ce masa da duhu ba. Dole na buɗe idon gilashin har ƙarshe. Na leƙa ɗan allon baya, na ga ya yi, na tattara kayana. Zan wanke in aiko.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata namu zuwan.

Saƙonka uku na gani, duk a kan hoto. To ga gaskiya. Da na buɗe shi a babban allon shagona na ɗaukar hoto, fuskar Baba dishi-dishi ta fito. In aka buɗe idon gilashi haka, tazara ɗaya tak ke fitowa tar, abin da ya gota gaba ko baya sai ya narke. Shi kuwa yana ta ɗaga hannu yana yi mini faɗa, kyamara ta kama abin da ya fi kusa da ita. Hoto tara, duk hannu: jijiyoyi, kantar almakashi, har zaren da ya maƙale a farce. Shekara takwas ina sana'ar nan, ban iya ƙara girman hoto in duba idonsa ba kafin in fita. Haushin kaina ya hana ni cin abinci.

Don Allah ka daina cewa in gyara a kwamfuta. Hasken da bai haɗu wuri ɗaya ba a ranar, babu mai haɗa shi yau.

Ga hannun nan na sa a ambulan. Fuskar kuwa, shekara shida ta yi tana kallon ƙofa, ba ka shigo ba.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta