Na warke, amma ƙafar Aliyu tana mutuwa

Malama mai filin shawarwari, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana a garin nan ba tare da ta zama hirar tasha ba.

Ni tsohon mushe ne, wato malamin makarantar boko, a Madarunfa. Na koyar a lakwal, kamar yadda muke kiran makarantar, a Gabi da Safo da wasu ƙauyukan da ko mai babur ba ya son zuwa da damina. Abin da aikin ya bar mini shi ne furfura da ciwon baya. Yaran da na koya wa riƙe alli wasunsu manya ne a Yamai, in sun zo hutu sai su wuce ni a mota, gilashi a rufe. Ba wannan ne ya sa na rubuto ba, amma gara ki san da wa kike magana.

Shekaru na yi da ciwon. Na sha ƙwayoyin ƴan talla har cikina ya fara ƙuna. An yi mini ƙaho, an yi tsaga, na sha jiƙo. Salla ta koma kan kujera a ƙarshen sahu, matata Safiya ce ke sa mini wando. Ƙanenta ne ya ja ni kusan dole zuwa Maraɗi, wurin wani saurayi, Usman, da ya yi karatun gyaran gadon baya da gaɓoɓi. Na je ne don in raina shi. Bai taɓa ni ba sai da aka ɗauki hoton ƙashina. Ya tambayi abin da nake ci, da inda nake kwanciya, da abin da ke ɓata mini rai, wannan kam mun daɗe a kanta. Ya danna, ya miƙar, ya koya mini motsa jiki a kan tabarma, ya ce in riƙa takawa zuwa bakin tafki kowace safiya. A hankali abin ya sake ni. Ranar da goshina ya sake taɓa ƙasa a sujada na kasa ɗagowa da wuri, har na kusa da ni ya taɓa kafaɗata. Na gode wa Allah, kuma ba na wuce salla ban yi wa yaron nan addu'a ba.

To, mutane sun gani. Manoma da masunta suka fara zuwa zaurena bayan asuba, kowa da tabarmarsa, ina nuna musu abin da aka nuna mini, ina ƙirga musu kamar yara. Sun koma kirana Mushe. Wani ya kawo kifi, wani wake. Ba zan ɓoye miki ba, rabon da in ji ina da amfani haka tun ina aji.

Cikinsu akwai Aliyu, abokina tun muna tsallen tafki, manomi mai amalanken jaki. Wata rana ya roƙe ni in danna masa baya yadda Usman ya yi mini, na danna. Yanzu ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa, yana janta, takalmi ya fita bai sani ba. Na ce ya je Maraɗi, sai ya yi dariya, ya ce gyaɗarsa tana jiran cira, kuma abin da ya warkar da mai boko kamata ya isa ya warkar da shi. Malama, ni na jawo masa? In na rufe zauren zan koma zaman kaɗaici na da. In na ci gaba kuma Aliyu ya rasa ƙafa, da wane ido zan kalli iyalinsa?

Tsohon mushe, Madarunfa

Baba Mushe, barka da samun lafiya, Allah ya ƙara. Na yi murna da sujadar nan kamar a gidanmu aka yi ta.

Mu fara da Malam Aliyu, don tasa ba ta jira. Ƙafar da ke mutuwa ana janta ba ciwon gajiya ba ne, sau da yawa alama ce ta jijiya da ta danne. Ku keɓe da shi ku tambaye shi ko fitsari ko bayan gida ya fara canja masa. In haka ne, asibiti a ranar. In ba haka ba ma, kada mako ya wuce likita bai gan shi ba. Ko dannarku ce ta jawo, ko dama abin yana tafe, ni ban sani ba, ku ma ba ku sani ba. Ku gaya wa likita gaskiyar abin da kuka yi, ku bar masa sauran.

Kada ku tura shi, ku raka shi. Tunda da ku ya yarda, to ku gaya masa cewa ku ma ba a taɓa ku ba sai da aka duba ƙashinku. Gyaɗar kuwa, ga ɗalibanku nan da bayansu ya yi sauƙi, ku kira su gayya.

Ba na ce ku rufe zauren ba. Tsofaffi su taru su taka, su motsa jiki, su yi dariya, wannan ma magani ne, kuma ku kuka haɗa shi. Amma hannunku ya daina hawa bayan kowa. Ku je wurin Usman ya ware muku motsin da ba ya cutarwa, ya faɗa muku alamun da in kun gani za ku tura mutum asibiti. Babu godiyar da za ta fi masa wannan daɗi.

Allah ya ba Malam Aliyu lafiya, ya bar ku tare a sahu ɗaya. A gaishe mini da Inna Safiya, ita ma ta sha jinya.