Naman Layyar Baba

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan Ƙofar Guga lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke ɗan taɓa ta.

Ranar Juma'a maƙwabciyarmu ta kunna mana wani fim a waya, na yaron da ya shiga cikin masu tada bam. Sun yi shi da jajayen idanu, yana daka wa uwarsa tsawa. Na kalla har ƙarshe, ban ji komai ba. Wanda ya shirya shi bai taɓa zama da irinsu ba. Ƙanenmu Sadiƙu bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ba ka nan Sallar ƙarshe kafin ya bi masu tada bam ɗin. Cikin ladabi ya ture kwanon naman layya, ya ce yankan Baba bai halatta gare shi ba. Baba ya ci gaba da tauna.

A fim ɗin yaron ya dawo gida yana kuka. Sau uku Inna tana cewa a maido mata wurin.

Ka gaida yara. Ka sa Inna a addu'a, ni dai ban san me zan roƙa ba kuma.

Ƙanwarka,
Hadiza