Ni Ce Mai Son Tseren, Alhaji

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na rubuto in sanar da kai na fita takaba, kuma ranar Lahadi zan tafi kallon tseren motoci. Ni kaɗai.

Ɗanka Nasiru ya zo har Whitechapel, ya zauna a kujerarka yana yi mini nasiha. Wai mace mai jikoki huɗu me za ta yi a cikin Turawa masu ihu? Da ya ga na kafe, sai ya sauko. Wai zai gaya wa dangi don tunawa da kai zan je, kowa ya yi shiru. Ban karɓa ba.

Kai ka san gaskiya. Shekarar da muka zo Landan, abokin aikinka na asibiti ya ba ka tikiti biyu na tsohon tseren nan da ake yi a filin jiragen yaƙi na da. Motoci masu kujera ɗaya, tayoyinsu a waje, suka wuce kamar an harbo su, ƙarar ta shiga har ƙirjina. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Kai kuwa ka cusa auduga a kunne, kana duba agogo.

Amma duk shekara kai ne mai cewa a gaban baƙi, "Hajiya za ta raka ni tsere." Mata su yi ta yaba haƙurina. Ko sunan direba ɗaya ba ka taɓa riƙewa ba. Ka rungume fulas ɗin shayi kana gyangyaɗi, ni ina ƙirga zagaye.

Ka rufa mini asiri shekara da shekaru, na gode. Amma ba zan ɓuya a bayan kabarinka ba. A gaban matarsa na gaya wa Nasiru cewa babansu bai taɓa son tseren nan ba, ni ce. Wanda ya ga abin kunya ne ya zo ya faɗa mini, in ya same ni a gida.

Wallahi ina kewarka. Kai ne mai tuƙa mu, ban san hanya ba. Autarmu Amira ta rubuta mini jiragen ƙasan da zan hau. In na ɓata, ina da baki.

Allah ya haskaka makwancinka, ya gafarta maka. Ƙaryar nan da ka yi ta yi domina kuwa, kullum ina roƙon kada a rubuta maka ita.

Matarka,
Balaraba