Na Ce Musu Cikina Ne Ya Kwanta

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. A sakaya sunana. Wanda kuma zai yi mini wa'azi, don Allah ya bari sai ya kai ƙarshe.

Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Dayi, na haura arba'in, 'yata ɗaya tal, ita ma tana ɗakinta a Funtua. Tun kakar audugar bara al'adata ta fara yi mini wasa, ta zo yau, ta yi wata biyu shiru, daga baya ta ɗauke ɗungurungum. Ga ƙirji yana riƙe ni ko guga na ja a rijiya. Malam, maigidana, ya sa ni a bas zuwa asibiti a Malumfashi. Suka ɗebi jinina, da na koma karɓar sakamako, wata nas Bayarabiya, haifaffiyar Funtua, Hausa a bakinta kamar ni, ta zaunar da ni ta ce, "Mama, ba ciki ba ne, girma ne. Abin da yake kawo wa mace al'ada shi yake taya ta rage kitse a jini. Naki ya tafi, kitsen ya hau, zuciyarki ta fara jin jiki. Ki bar man shanu da kitse, ki rage gishiri, ki dawo mu duba ki."

Da na iso gida, ko mayafi ban cire ba Hajiya, uwar Malam, ta ce, "Ai na faɗa, ciki ne ya kwanta. Mun sha gani, wani sai ya shekara biyu kafin ya tashi." Malam ya dube ni, idonsa cike da hawaye, ya ce, "Haka likita ya ce?" Na ce haka ya ce.

Kunya na ji, har yanzu ina jin ta. Amma nadama? Wallahi ban yi ba. Shekara ashirin dangi suna kallon cikina kafin su kalli fuskata, wa ya taɓa tambayata yaya nake ji? Yau an daina yi mini habaici a gidan suna, an fara shimfiɗa mini tabarma, sai in tashi da bakina in ce musu na gama, na tsufa? Ku da za ku zage ni, a ina kuke lokacin?

Ga inda abin ya fi ƙarfina. Hajiya ta ɗaura ɗamarar tada cikin nan. Kowace safiya ga fura da man shanu, ranar kasuwa Malam ya shigo da tozo da ƙafar saniya, ita kuma ba ta tashi daga bakin ƙofata sai ta ga gindin kwano. Asibitin ma ban koma ba, da wane dalili zan nemi izini? Shekaranjiya ina daka ƙirjina ya murɗe, hannun hagu ya yi sanyi, na saki taɓarya na durƙusa. Hajiya ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ya motsa! Malam, zo ka gani, ya motsa!"

Malam har ya zaɓi suna. In na faɗi gaskiya na karya zuciyar mutumin da bai taɓa goranta mini ba, in na yi shiru tawa zuciyar ce za ta tsaya, kuma ba na so in mutu. Me zan yi?